Wane allon zane ya dace da mai ƙaramin ƙarfi, mai sikirin ko marar sikirin?

Ummi_Zane

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar nan. Ina so in fara zane a kwamfuta, yawanci hotunan littafin yara da zanen tufafi, kuma kuɗin da na ware bai wuce naira dubu 100 ba. Kwamfutar laftof ce mai inci 15.6, Windows 10, RAM 8GB, tana da ramin HDMI ɗaya da na USB uku. Abin da na gani a kasuwa kashi uku ne: ƙaramin Wacom Intuos, sai Huion H950P ko XP-Pen Deco 01 V2, sai kuma wani allo mai sikirin na hannu da mai shago ya ce zai yi mini ragi. Shin 4096 da aka rubuta a kwalin Wacom yana nufin bai kai masu 8192 ba ne? Kuma mai sikirin na hannu ya fi sabo marar sikirin? Na gode.

Auwal_Burushi

Wa alaikumus salam, Malama Ummi. Da wannan kuɗin, sabon allo marar sikirin mai matsakaicin girma za ki saya. Kuma kafin sunan kamfani, fara duba girman filin da alƙalami ke aiki a kansa, don shi ne abin da ba a iya gyarawa bayan an saya.

Allo marar sikirin yana ɗaukar filinsa gaba ɗaya ya daidaita shi da fuskar kwamfuta: kusurwar allo ita ce kusurwar sikirin. Faɗin sikirin mai inci 15.6 kusan milimita 345 ne. Filin ƙaramin Intuos, wato CTL-4100, milimita 152 ne a faɗi, 95 a tsawo. Ke nan duk milimita ɗaya da hannunki ya motsa, kibiya za ta yi tafiyar kusan milimita 2.3 a sikirin, kuma 'yar rawar hannu ma haka za ta ninku. Filin H950P milimita 221 ne da 138, ninkin ya sauko kusan ɗaya da rabi. Na Deco 01 V2 milimita 254 da 159, ninkin bai kai ɗaya da rabi ba. Ga mai gyaran hoto ko koyarwa ta intanet ƙarami ya wadatar. Ga mai zanen tufafi, wanda zai ja layin doguwar riga daga kafaɗa zuwa ƙasa a ja ɗaya, ƙarami yana tilasta zane da yatsu da wuyan hannu kaɗai, layin ya riƙa fitowa a gutsure, hannun kuma ya gaji da wuri. Matsakaici yana ba gwiwar hannu damar shiga aikin.

Sai dai ki auna teburinki tukuna. Jikin Deco 01 V2 faɗinsa kusan santimita 35 ne, daidai da faɗin laftof ɗin kanta, kuma dole ya zauna a gabanki sosai, ba a gefe ba. Idan teburin ba shi da zurfi, H950P zai fi zama.

Game da 4096 da 8192, wannan adadin matakan danni ne da alƙalami ke iya bambancewa tsakanin taɓawa mafi sauƙi da mafi ƙarfi. Burushi mai kaurin fiksel 100 kauri ɗari kaɗai zai iya nunawa, duhun launi kuma a fayil na yau da kullum matakai 256 ne. Saboda haka ko 2048 ya zarce abin da ido zai gani, balle 16384 da ake rubutawa a sababbin kwalaye. Abin da hannu ke ji shi ne nauyin da ake bukata kafin alƙalami ya fara zuba tawada. Idan sai an ɗan danna kafin layi ya fito, bakin layi ba zai yi siriri ba, inuwa mai laushi kuma za ta riƙa yankewa. A nan alƙaluman Wacom suka yi suna, amma na Huion da XP-Pen na 'yan shekarun nan sun matso kusa ƙwarai, har mai koyo ba zai ji bambancin da zai sa ya haƙura da rabin fili ba.

Wajibi ne alƙalamin ya zama marar batir. Irin waɗannan, a ƙarƙashin fuskar allon akwai ragar wayoyi masu fitar da filin maganaɗisu, a cikin alƙalamin kuma akwai naɗin wayar tagulla da ke karɓar ƙarfin ya mayar da sigina. Ba caji, ba nauyi. Har yanzu ana samun tsofaffin kaya irin Huion H420 mai batir AAA a cikin alƙalami da fili ɗan inci 4, da H610 Pro na farko mai alƙalamin caji. Duk arharsu ki wuce su.

Bambanci na ƙarshe shi ne karkatar alƙalami. H950P da Deco 01 V2 suna gane karkata har digiri 60, ƙaramin Intuos ba ya ganewa. Yana da amfani idan kina son yin inuwa da gefen fensir kamar a takarda. Idan zanenki layi ne da cika launi, kar wannan ya tsayar da ke.

Tsakanin biyun, Deco yana da ramin USB-C, H950P kuma da micro USB ya fito, wanda ya fi saurin sakwarkwacewa idan ana yawan zarewa da mayarwa. Da ni zan zaɓa, Deco 01 V2 zan ɗauka idan tebur ya isa.

Bilkisu_Launi

Malam Auwal ya faɗi gaskiya a kan girma, amma ban yarda a cire Wacom daga lissafi ba. 'Yar'uwa, akwai One by Wacom matsakaici, lambarsa CTL-672, filinsa milimita 216 da 135. Matakan danninsa 2048 ne, ba maɓallai a jikinsa, ba ya gane karkata, shi ya sa yake da sauƙin kuɗi a kan Intuos matsakaici. Abin da ake saya a wurinsa shi ne alƙalami mai jin taɓawa mara nauyi, da manhajar da ba ta cika rigima da Windows ba, da kuma sauƙin samun tsinin alƙalami. Rashin maɓallai ba asara ba ce ga mai laftof, tunda hannun hagu yana kan kibod. Ki lura da sunan: One by Wacom daban, Wacom One daban, kuma farashinsu ba ɗaya ba ne. Ki riƙa tambaya da lamba. Idan kin same shi sabo a cikin kuɗinki, ki gwada shi kusa da Deco ki ji wanda hannunki ya fi so. Farashin kayan nan yana bin dala, don haka a tambayi wuri biyu ko uku a rana ɗaya kafin a yanke.

Yanzu maganar mai sikirin na hannu. Sababbin ƙanana irin Huion Kamvas 13 da XP-Pen Artist 12 sun ninka kuɗin da kika ware, wani lokaci fiye da sau biyu. Idan aka ce za a ba ki irinsu a dubu 100, to akwai dalili, kuma dalilin yakan kasance ɗaya daga cikin waɗannan: kebul ɗin asali ya ɓata, alƙalamin ba nasa ba ne, wani sashen fili ya mutu, ko gilashin ya karce. Kebul ɗinsu mai kai uku ne, HDMI na hoto, USB baƙi na sigina, USB ja na ƙarin wuta, kuma ba kowane shago ke da shi ba. Na wani kamfani ba lallai ya yi a na wani ba ko da bakin ya shiga. Wasu suna aiki da USB-C guda ɗaya, amma sai ramin kwamfutar yana fitar da hoto, abin da ake kira DisplayPort Alt Mode, kuma laftof masu sauƙin kuɗi da yawa raminsu na USB-C bayanai kaɗai yake ɗauka.

Ki kuma tuna allon nan ba kwamfuta ba ne, sikirin na biyu ne. Laftof za ta kunna fuska biyu lokaci ɗaya, batir ya sauka da sauri idan an ɗauke wuta. Marar sikirin ɗan abin da yake ja daga USB bai taka kara ya karya ba. Sannan a tsofaffin ƙira akwai tazara tsakanin gilashi da ainihin sikirin, sai ki ga tsinin alƙalami a nan, layi yana fita a gefe kaɗan, musamman a kusurwa. Mai sikirin yana sa mutum sunkuyo tsawon awanni in ba a sayi matokari ba, alhali da marar sikirin bayanki a miƙe yake, idonki na gaba, hannu kuma ba ya rufe zanen. Wahalarsa ɗaya ce: hannu a ƙasa, ido a sama. Yawanci mako ɗaya zuwa biyu na aiki kullum ya isa a saba, muddin an ajiye linzami gefe an riƙa yin komai da alƙalami, har buɗe fayil.

Kowanne za ki saya, sabo ko na hannu, ki je da laftof ɗinki da manhajar zane ta Krita a kai, ki sa manhajar allon tun daga gida, ki yi waɗannan a gaban mai shago:

1. Ɗora rula ta roba ko ta katako, ba ta ƙarfe ba, ki ja layi a karkace daga kusurwa zuwa kusurwa a hankali. Ɗan lanƙwasa kaɗan ana samu a kowane allo. Idan layin ya fito kamar haƙoran zarto, a bar shi.
2. Cika filin gaba ɗaya da layuka a kwance, tazarar yatsa ɗaya, sannan a tsaye. Inda layi ya yanke ko ya yi tsalle a wuri ɗaya kullum, ragar ciki ta lalace a nan.
3. Ja layi daga taɓawa mafi sauƙi zuwa danni sosai, ki sake sassautawa. Kauri ya hau ya sauka a hankali, ba tsalle.
4. Riƙe alƙalami a sama da allo ba tare da taɓawa ba. Kibiya ta bi shi, amma kar ya yi zane. Idan yana zane a iska, ya taɓa faɗuwa, abin da ke jin danni a ciki ya maƙale ko sandar da aka naɗa wayar a kanta ta tsage.
5. Girgiza bakin kebul a hankali yayin da kike zane. Idan ya yanke, ramin ya saki.

A mai sikirin ki ƙara da buɗe fari zalla, baƙi zalla, ja, kore da shuɗi, ki nemi ɗigon da ya mutu. Kuma ki tambayi kuɗin alƙalamin canji kafin ki biya, don alƙalamin wani kamfani ba ya aiki a allon wani, ko a kamfani ɗaya ma ba kowanne ke shiga kowace ƙira ba.

Sadiq_Injiniya

Malama Ummi, abin da Malama Bilkisu ta lissafa ya isa wajen saye. Zan ƙara da abin da ke biyo baya, domin yawancin allunan da ake cewa sun lalace, saiti ne bai zauna ba.

Manhajar da ke haɗa allo da kwamfuta, wadda ake kira direba, a shafin kamfanin kaɗai za ki sauke ta, ta ainihin lambar ƙirarki. Idan akwai direban wani allo a kwamfutar, ki cire shi, ki sake kunna kwamfuta, sannan ki sa sabon. Dalili shi ne kusan dukkansu suna ajiye fayil mai suna wintab32.dll a wuri ɗaya, na baya ya danne na gaba, sai ki ga kibiya tana motsi amma danni ba ya aiki. Wannan ya shafe ki idan kin sa direbobi biyu don gwaji a shago: ki gwada ɗaya bayan ɗaya, kuma da kin dawo gida ki cire wanda ba ki saya ba. Rufe Krita da duk manhajar zane kafin sawa.

Abu na farko bayan sawa shi ne daidaita siffar fili. Allunan marasa sikirin da kike zaɓa a cikinsu duk 16:10 ne, sikirin ɗinki kuma 16:9. In aka bar su haka, da'irar da kika zana a allo za ta fito a ɗan baje, bambancin kusan kashi goma cikin ɗari, hannunki kuma ya koyi kuskure ba ki sani ba. A Wacom ki shiga Mapping ki kunna Force Proportions. A Huion sunansa Screen Ratio, a XP-Pen kuma yana cikin saitin wurin aiki. Za ki rasa siririn yanki, a Deco kusan milimita 16, amma da'ira za ta zama da'ira. Ki gwada da murfin kwalba: zagaye shi da alƙalami ki duba abin da ya fito.

Idan danni bai yi aiki a Krita ba, shiga Settings, Configure Krita, Tablet Settings. Akwai hanyoyi biyu, WinTab da Windows Ink. Ki zaɓi ɗaya, ki rufe Krita ki sake buɗewa. Idan Windows Ink kika zaɓa, dole a kunna shi a direban allon ma, in ba haka ba kwamfuta za ta ɗauki alƙalamin a matsayin linzami. A wannan shafin akwai Tablet Tester da ke nuna adadin danni yayin da kike zane, da shi za ki san ko matsalar ta allo ce ko ta burushi. Idan kuma wata da'ira tana fitowa duk lokacin da kika ɗan tsaya da alƙalami, Windows ce ke ɗaukar hakan a matsayin danna dama. Control Panel, Pen and Touch, Press and hold, Settings, ki cire alamar.

A Tablet Settings na Krita dai akwai lanƙwasar danni, wato layin da ke daidaita ƙarfin hannu da kaurin zane. Ja ƙarshenta na sama zuwa hagu kaɗan, yadda za ki kai cikakken kauri da kamar kashi uku cikin huɗu na ƙarfin hannu. Tsini zai daɗe, fuskar allo ba za ta karce da wuri ba.

Sai matsalar da ta fi damun masu aiki da janareto ko inbata: kibiya tana rawa ko da hannu bai motsa ba. Tunda allon da maganaɗisu yake aiki, hayaniyar lantarki daga caja marar kyau ko soket da ba a haɗa masa wayar ƙasa ba tana shiga siginar. Gwajin mai sauƙi ne, zare cajar laftof ki bar ta a batir. Idan rawar ta tsaya, allonki lafiya lau, caja ko wutar ce. A canza caja zuwa ta asali mai baki uku, a nisanta tubalin cajar da waya da sifika daga allon, kuma kar a ɗora allon a kan kibod ɗin laftof ko teburin ƙarfe. Kebul ma a kula: wasu na caji ne kawai, ba su da wayoyin bayanai, fitila za ta kama amma kwamfuta ba za ta ga allon ba.

RAM 8GB ya isa. Shafin A4 a 300 ppi fiksel 2480 ne da 3508, kowace leya cikakkiya, wato shimfiɗa ɗaya ta zane, tana cin kusan 35MB, don haka leya talatin ba za ta gagari kwamfutar ba idan an rufe burauza. Idan layi yana biyo alƙalami a makare, duba Brush Smoothing a Tool Options. Stabilizer da gangan yake jinkirta layi don ya miƙe, ki bar shi don aikin tawada na ƙarshe, ki yi zanen farko da Basic. Maɓallan da suka cancanci zama a jikin allo su ne Ctrl+Z, Space na jan shafi, E na gogewa, manyan baka biyu, wato [ da ], na rage da ƙara kaurin burushi, da M na juya zane kamar a madubi don ganin karkatar fuska.

Lokacin hunturu ƙura ce ke cin fuskar allo, tsini ya ja ta kamar yashi. A goge da busasshen ƙyalle mai laushi kafin a fara, a rufe bayan an gama. Tsini kuma a canza shi da zarar ya yi gefe mai kaifi ko ya rage kamar milimita ɗaya, don idan ya shige ciki cirewa sai da wahala. Safar hannu mai yatsa biyu tana hana gumi riƙe hannu lokacin zafi.

Ummi_Zane

Allah Ya saka da alheri, na fahimta sosai. Na haƙura da mai sikirin. Saura abu ɗaya: idan babu wuta kuma batirin laftof ya ƙare, zan iya haɗa allon da wayata in ci gaba? Ko gara in tara kuɗi in sayi iPad na hannu?

Auwal_Burushi

Amin, Malama. Za ki iya, amma ki ɗauke shi a matsayin mafita ta ɗan lokaci. H950P da Deco 01 V2 suna aiki da Android 6.0 zuwa sama ta ɗan mahaɗin OTG, mai haɗa kebul ɗin USB da waya. Ki duba yana cikin kwali, in babu ki saya daidai da ramin wayarki. A wasu wayoyin sai an shiga saiti an kunna OTG da hannu, kuma yakan kashe kansa idan an jima ba a yi amfani da shi ba. Tunda waya a tsaye take allo kuma a kwance, wani sashe na filin ne kawai zai yi aiki, ko kuma sai kin juya allon a tsaye, ya danganta da ƙira. Ba direba a waya, don haka ba gyaran lanƙwasar danni, maɓallan jiki ma ba lallai su yi abin da kika saita a kwamfuta ba. A wasu wayoyin Samsung kibiya ba ta bayyana, sai an taɓa allo ake ganin inda alƙalami yake. Shi ya sa ki je da wayar shago ita ma. Manhajar ibisPaint tana karɓar danni, amma sai an kunna shi a saitinta. Waɗannan ƙirar ba sa aiki da iPhone.

Maganar iPad kuwa, kuɗin ya wuce na yanzu nesa, kuma alƙalaminsa daban ake saya. Idan ranar ta zo, abu biyu za ki kiyaye. A na hannu, mai shi ya fita daga asusunsa na iCloud a gabanki, a goge na'urar, ki kunna ta da asusunki kafin ki biya, don wanda aka kulle ba ya buɗuwa. Sannan ba kowane Apple Pencil ke jin danni ba: mai USB-C da ya fito a 2023 ba ya ji, haka ma kwaikwayon da ake sayarwa da arha. iPad na tara, na 2021, da Pencil na farko yake aiki, kuma wannan yana jin danni. A ɓangaren Android, Galaxy Tab S6 Lite yana zuwa da S Pen a kwali, marar batir, mai matakai 4096, sai dai RAM ɗinsa 4GB ne, zai taƙaita yawan leya a babban shafi.

Ragowar kuɗin da zai saura bayan sayen allon, ki sa shi a fakitin tsini na ƙirarki da kebul na biyu mai ɗaukar bayanai. Idan batirin laftof ɗin ba ya kai awa biyu, canza shi zai ba ki lokacin zane fiye da haɗawa da waya.